Ƙauyen Mushe da bazara

Mijina Ƙasimu, wanda duk unguwarmu ta Talaje ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko, ya ajiye allin koyarwa bara. Aka yi masa walima a lakwal, makarantar da ya koyar, aka ba shi agogon bango, sai ka ce mai ritaya yana da sauran abin yi da lokaci. Da fansho ya fara fitowa muka ga ko haya da kuɗin wutar kuran bai rufe ba, mai gida kuma ya aiko zai yi ƙari. Magana ta fito fili: Yamai ta fi ƙarfinmu, dole mu nemi inda za mu kai tsufanmu.

Ni dai Gaya nake so, ban ɓoye ba. Akwai ruwa, akwai itatuwa, kifi da doya araha, ga ƙanwata Ramatu tana aure can. In kewar jikokina ta taso mini, in shiga mota da safe in ci abincin rana a Yamai. Mushe ya ce sauron Gaya sai ya ɗauke shi har da gidan sauron. Na ce Maraɗi, ya ce hayaniya. Na ce Tawa, ya ce in gasa shi nake so a yi, ai akwai masu kilishi nan kusa. Duk kame-kame ne, zuciyarsa tana Rijiyar Bawa, ƙauyensu can ƙasar Damagaram.

Da rana in an ɗauke kuran, bantilatar ta daina kaɗa iska, sai ya miƙe kan tabarma ya lumshe ido ya tafi can, yana ba ni labari. Gero ya fi mutum a kan raƙumi tsawo. Tafki ya cika ya tumbatsa, bado ya rufe shi, tsuntsaye farare suna sauka. Da safe sai ka ja mayafi. Nono da ƙwan zabi a ƙofa ake kawo su, shi bai taɓa sa hannu a aljihu ba a garin nan. Ina gefe ina tsinke zogale, gumi na bin bayana, amma wallahi wani lokaci har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake ji. Abu ɗaya ne ke ɓata masa hoton, wani ƙaton gawo a gonar mahaifinsa, tsirara kullum, ba ganye ba inuwa. Ya ce ranar da muka sauka zai sa a sare shi, a wurin za mu yi gini.

Abin da Mushe ya manta, ni ban manta ba. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa lakwal a birni, daga ɗalibi ya zama malami. Mai lakwal kuwa hutunsa babban bakans ne, shi kuma bakans da damina yake faɗowa. Tsawon rayuwarsa sai an yi shuka yake zuwa gida, kafin girbi ya dawo. Ga shi baƙo, ɗan gari da ya zama ma'aikaci, wa zai bari ya sayi nono? Baƙo raɓa ne, ba a yi masa awo.

Na ce masa na yarda zan bi shi, amma sai mun je mun ga garin da bazara. Ya yi dariya ya ce gida ai gida ne ko yaushe. So nake rana ta yi mini gardamar da bakina ya kasa.

Muka tafi lokacin da zafin Yamai ke narka gudoron titi. Doguwar tafiya a motar kar, daga nan amalanke. Tun a hanya Mushe ya fara waige-waige, yana tambayar mai amalanken ko ya tabbata hanyar ke nan. Yashi ne iya ganin ido, sai kututturen kara. Tafkin nan mai bado ya tsage kamar fason ƙafa. Samari duk sun tafi cin rani, shanu sun yi kudu. Yayarsa Mariyama ta tarbe mu da ruwan da ta saya a jarka, tana ba mu haƙurin rashin nono. Da na tambayi kuɗin tiyar gero, ya kusa kamo na Yamai.

Na ci gardama. Sai dai da na dubi Mushe ban ji daɗin komai ba. Ya zauna a gindin danga, hularsa a gwiwa, ya tsufa a yini guda. Tausayinsa ya cika ni.

"Hasiya, kin yi gaskiya," in ji shi. "Mu je Gayan."

Washegari da hantsi ya ce zai leƙa gonar mahaifinsa ya yi mata sallama. Na bi shi don kada rana ta kayar mini da shi a hanya, Yaya Mariyama na gaba da tabarma a ka. Muna hawa tudun da ke bayan gari sai Mushe ya ja ya tsaya. Can tsakiyar farin yashin wani abu ne kore shar, mai faɗi, kamar hadari ya sauko ya zauna a ƙasa.

Gawon ne. Kowa ya san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Mushe ma ya sani, amma sani daban, gani daban. Shi bai taɓa tarar da wannan itacen a sanye da rigarsa ba.

Muka shiga inuwar, na ji kamar an cire mini kaya daga ka. Iska tana bi ta cikin ganyen ta sauko a sanyaye. Awaki na tsintar 'ya'yan da suka faɗo, ga randa an binne rabinta a yashi. Ashe duk tsofaffin garin nan suke yini. Maza a gefe guda suna tufkar igiya, wasu na dara, mata can gefe suna saƙar faifai. Da damina kowa na gona, gaisuwa kawai suke yi da Mushe a tsaye, da hauya a kafaɗa. Yau ba inda za su. Wani tsoho mai wawulo ya ɗaga kai ya ce a'a, Ɗan Lakwal, yau kuma ɓatan hanya ka yi? Aka bushe da dariya, aka matsa masa wuri.

Yaya Mariyama ta shimfiɗa tabarma tsakanin wasu saiwoyi biyu da suka yi sulɓi don yawan jingina. Ta dafa ɗaya daga ciki.

"Nan Inna take zama duk rani, Allah ya ji ƙanta," ta ce masa. "Daga nan ake hango hanya. Takan ce da Ƙasimu zai zo yanzu, da mun zauna na gan shi da kyau. Kai kuma sai lokacin noma, tana duƙe a gona."

Mushe ya cire takalmi, ya zauna, ya jingina a wurin, fuskarsa tana duban hanya. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba, ba wanda ya kalle shi. Aka ci gaba da dara. Can na ji numfashinsa ya sauya. Barci ne, mai nauyi, baki a buɗe, ba bantilatar ba mafici. Rabon da in ga ya yi barcin rana haka tun muna amare.

Na zauna ina kallon inuwar ganye tana yawo a kan fuskarsa. Ruwan garin nan dai na saye ne, rana kuwa tana nan waje tana jira. Na tuna kifin Gaya, na tuna jikokina da za su yi mini nisa, raina ya sosu ƙwarai. Sannan na matsa kusa da Yaya Mariyama, na yi ƙasa da murya don kada ya farka, na tambaye ta wa ya iya gini a garin nan.

Ta dube ni, ta ce ai ƙaninta ya ce sai an sare itacen tukuna.

"Yaya, duk wanda ya kawo gatari nan, da ni zai fara," na ce. "A ja ginin baya kaɗan, ƙofar ta kalli hanya."