Raƙumin Dawan Auta

Akwai mutanen da sana'arsu ba ta yarda a bar ta a wurin aiki. Sai ta biyo su gida, ta ci abinci da su, in tafiya ta kama ta riga su shiga mota. Birkila, magini, yana cikinsu. Sunan da kowa yake kiransa da shi ke nan, har matarsa in ya kai ta bango. Shi bai iya wuce katanga bai shafa ta ba, in kuwa ya shiga gidan mutane, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya riga ya gano kusurwar da ta karkace.

Da hutun makaranta ya zo daidai da gama wani aiki, sai ya ce wa iyalinsa su shirya, zai kai su babban birni su yi 'yan kwanaki su buɗe ido. Birnin ba baƙonsa ba ne. Can ya yi shekaru yana gini lokacin da ɗansa na fari yake ƙarami, gida sai jifa-jifa. Yaron ya girma da jin "Baba zai zo ƙarshen wata," har ya gane cewa watan Baba ba shi da ƙarshe. Yanzu ya zama saurayi, gashin baki ya fara leƙowa, kowa a gidan Yaya yake ce masa. Ba ya yi wa ubansa rashin kunya ko kaɗan. Yana dai gaishe shi ne irin gaisuwar da ake yi wa baƙo mai mutunci, kuma wannan ya fi rashin kunya ciwo.

Auta kuwa an haife ta bayan ya dawo gida dindindin. A wurinta abin da Baba ya faɗa ya faɗu. In ya ce za a yi ruwa, sai ta kwashe takalmanta daga tsakar gida. Birkila ya san a duk duniya mutum ɗaya ke nan da ya rage masa mai yarda da maganarsa ba tambaya, yana kuwa ji da hakan fiye da yadda yake nunawa.

Abu ɗaya ta roƙa a tafiyar. Ta ga hoton raƙumin dawa a littafin makarantarsu, ta ce ita ba ta yarda akwai dabba mai wuya haka ba sai ta gani da idonta.

"Baba, da gaske akwai shi a birnin?"

"Akwai shi, a gidan namun daji. Ni da kaina zan ɗaga ki ki gan shi."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Yaya yana ɗaure bakin jaka, bai ɗago kai ba.

Masaukin da suka kama ɗaki biyu ne a hawa na sama, da fanka mai kuka da labule mai kauri. Yaran suka ruga taga suna kallon motoci. Shi kuwa gogan naka sai ya durƙusa yana ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa da ɗan yatsa, yana kasa kunne.

"Kin ji? Fanko ne. Ba su cika siminti a ƙarƙashi ba."

"Baban yara, kwana muka zo yi ko sayen gidan?" in ji matarsa.

Haka aka yi ta yi. An je babbar gada, mutane suna kallon ruwa da jiragen kwale-kwale, shi ya leƙa ƙasa yana yaba kaurin ginshiƙi. An shiga gidan tarihi, Auta ta manna hanci a gilashi tana kallon tsofaffin tukwane, shi yana nuna wa Yaya tsagar da ta taso daga saman ƙofa, yana bayanin abin da ya jawo ta. Yaya ya ce, "To." Kalmar da ya fi amfani da ita ke nan a duk tafiyar. Kullum da safe Auta za ta tambayi raƙuminta, kullum zai ce mata abu mai daɗi a ƙarshe ake ajiye shi. Gaskiyar magana ita ce shi ya tsara yawon, ya kuma tsara shi ne ta unguwannin da ya taɓa zuba kankare.

Ranar ƙarshe, bayan sun ci abincin rana, suka hau bas ɗin da ke zuwa gidan namun daji. Auta ta sa rigarta mai ruwan ɗorawa da ta ƙi yarda a taɓa tun zuwansu. Ta zauna a cinyar ubanta tana lissafa tambayoyin da za ta yi wa raƙumin, ciki har da yadda yake yi in tari ya kama shi.

Ana tsakiyar hanya bas ya sha wata kwana, sai ga wani dogon gini da Birkila ya yi aikinsa a shekarun baya. An lulluɓe shi da shuɗin gilashi daga sama har ƙasa, an canja masa ƙofa, amma uwa ba ta ɓata ɗanta don ya sa sabuwar riga. Birkila ya gane shi nan take. A kan rufin ginin nan akwai abin da ya daɗe yana son Yaya ya gani. Magina suna da wata ɗabi'a: in sun shafe siminti na ƙarshe, kafin ya bushe, sai su ɗauki ƙusa su rubuta wani abu a gefe, wani shekara, wani sunan garinsu. Shi ranar da suka gama rufin aka kira shi daga gida aka ce yaron ya fara tafiya, sai ya tsuguna ya rubuta sunan ɗansa da manyan baƙi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya daɗe yana raya wa ransa cewa ranar da yaron ya ga sunan nan, zai san ba mantawa aka yi da shi ba.

"Mu sauka nan," ya ce. "Yanzu za mu fito."

Matarsa ta dube shi, ta dubi rana ta taga. "Baban yara, ka bari mu fara kai yarinyar nan. Gini ba ya gudu."

"Raƙumin ma ba ya gudu, a killace yake. Ai hanya ɗaya ce."

Ya riga ya miƙe, Auta a kafaɗa. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Ginin ofisoshi ne yanzu. Mai gadin ƙofa ya ƙare musu kallo, ya ce wurin wa suka zo. Birkila ya ce wurin kowa, shi ne dai ya yi matakalar gidan nan da hannunsa. Mai gadin ya yi dariya, ya ce ai matakala sai in wuta ta ɗauke ake bin ta, amma tun da dattijo ne da iyali, su shiga. Ga lif a buɗe yana jira, Auta har ta ja hannun uwarta wajensa, amma ina! Wanda ya zo nuna matakala ba ya shiga lif. Ya tura wata ƙofar ƙarfe a lungu, suka shiga wuri mai warin ƙura da tsohon fenti, an jingine tsintsiya da bokiti a gefe.

Suka kama hawa. Yana gaba yana magana, muryarsa tana amsawa a bango. Ya ce su lura, babu takin da ya fi wani tsayi, ko makaho ya hau ba zai yi tuntuɓe ba. Ya nuna inda katako ya taɓa ballewa da shi, ya nuna tagar da yake zama ya ci abinci. Matarsa tana haki tana dafa gwiwa. Auta ta gaji, Yaya ya goya ta ba tare da an ce masa ba.

Ƙofar rufin a kulle take. Nan ne mai hankali zai juya, Birkila kuwa ya san haka, don zuciyarsa ta faɗa masa sarai. Amma ya hawo da su duk wannan tsawo, ga abin a bayan ƙofa, taku kaɗan. Ya ce su jira. Ya sauka neman mai makulli, aka ce ya fita, yanzu zai dawo. "Yanzu" ta birni kuwa doguwa ce. Da suka hawo tare da mutumin, hasken da ke shigowa ta taga ya riga ya yi ja.

"Baba, rana fa," in ji Yaya. Ita ce magana mafi tsawo da ya yi masa tun safe.

"Ga shi an buɗe. Zo ka ga wani abu."

Ya nufi kusurwar gabas kai tsaye, bai ko yi laluben hanya ba. A daidai wurin an kafa wani ƙaton tankin ruwa, baƙi, a kan sabon dandamalin kankare. Ya zagaya shi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa gefen dandamalin, kamar in ya shafa da kyau zai matsa. Wani magini ne irinsa ya zo ya yi aikinsa, ya kuma yi shi da kyau, bai bar ko tsaga ba.

"Nan ne," ya ce. "Sunanka yana nan ƙasa. Ni na rubuta, ranar da ka fara tafiya."

Yaya ya dubi tankin. Ya daɗe yana dubansa, Auta tana bayansa ta kwantar da kai. Ba fushi a fuskarsa, ba kuma abin da uban ya yi shekaru yana jiran gani.

"Na ji, Baba," ya ce a hankali. "Mu kai ta."

Sun fito daidai lokacin tashin ma'aikata. Duk bas ɗin da ya zo a cike yake har ƙofa. Suka tari tasi, tasi ta shiga cunkoso ta tsaya cik, gaba motoci baya motoci. Birkila yana gaba kusa da direba, gumi yana bin wuyansa, yana ta cewa ko akwai wata hanya. Direban ya ce hanya ɗaya ce, kowa ita yake bi. A baya Auta tana ta tambaya ko raƙumin dawa yana cin abincin yamma, don tana so ta same shi yana ci.

Da suka isa, mai sayar da tikiti tana jawo ƙyauren tagarta. Mutane suna ta fitowa, yara riƙe da balan-balan, wani yaro yana miƙa wuya yana kwaikwayon abin da ya gani. Birkila ya roƙi matar, ya roƙi mai tsaron ƙofa, ya ce daga nesa suka zo, leƙawa kawai yarinya za ta yi. Mutumin ya ce ya yi haƙuri, an riga an shigar da dabbobi ɗakunansu, ko an buɗe masa ba abin da zai gani. Su dawo gobe da hantsi. Gobe da hantsi kuwa suna kan hanya, don motarsu ta sassafe ce, jibi kuma akwai zubin kankare da ba a ɗagawa, an riga an tara lebura.

Ya ɗauki Auta ya bi gefen katanga da ita, ya ɗora ta a wuyansa, ya yi ɗage.

"Me kike gani?"

"Bishiyoyi."

Ya ƙara gaba, ya sake ɗagawa. Bishiyoyi ne dai. Da ya sauke ta ba ta yi kuka ba, shi kuwa kukan ya so ta yi, don kuka ana rarrashinsa. Ta gyara rigarta, ta je ta kama hannun Yaya. Matarsa ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, ta bar shi da abinsa. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya, da haushin kansa. Ya je neman ɗan da ya daɗe da kuɓuce masa, ya saki wadda take hannunsa. Da na sani ƙeya ce.

Washegari a mota, sun fita daga birni ke nan, wayar matarsa ta yi ƙara. Kakar yaran ce, mahaifiyarsa, tana tambayar ko sun taso lafiya. Ta ce a ba ta ƙawarta Auta. Tsohuwa ce mai ɗaga murya a waya, duk kujerar ana jin ta.

"'Yar birni! To, ya raƙumin naki? Babanki ya kai ki kin gan shi?"

Birkila ya miƙa hannu zai karɓi wayar ya faɗi gaskiya da bakinsa. Auta ta dube shi, irin duban da bai taɓa gani a idonta ba, na mai auna mutum. Sai ta juya wajen taga, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Na gan shi, Kaka," ta ce. "Dogo ne sosai. Baba ne ya ɗaga ni."

Tsohuwa ta yi ta sa wa Birkila albarka daga can. Hannunsa yana nan a miƙe, har Yaya ya kama shi ya mayar masa kan gwiwa.