Gwiwar Malam Falalu

Duk unguwar Maamobi mutum biyu ne kawai suka san gwiwar Malam Falalu ta dama ta fara ƙin jin maganarsa: matarsa Hajiya Fusena, da wata likitar ƙashi da ya lallaɓa ya gani can wata unguwa mai nisa, Kokomlemle, inda yake zaton ba wanda zai gane shi. Ya kuma ƙudura cewa zancen ba zai wuce nan ba. Shi ne limamin masallacin Juma'ar da mahaifinsa ya gina da ribar goro, kuma shi da bakinsa ya sha karantar da mutane cewa wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa sallar farilla. Duk ranar da aka gan shi ya kasa tashi daga sujada, limanci ya bar hannunsa ke nan.

Likitar ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce gwiwar ta zaizaye, amma ba ta mutu ba, kuma abin da ke ƙarasa ta zama ne da nauyin jiki. Ya rage tuwo, ya rage kitse, ya riƙa takawa kowace safiya, ya riƙa zama a kujera yana miƙewa ba tare da ya dafa komai ba. Magana mai sauƙi a bakin likita. Baiwar Allah ba ta san abin da ake kira malami a Zongo, unguwannin Hausawa, ba.

Mutumin da tun gemunsa na baƙi ba a bari ya ɗauki ko butarsa! In ya sunkuya zai ɗauki takalmi, hannaye sun riga shi. In ya ce za shi ta'aziyya lungu na gaba, sai ka ji mota na ɗumi a ƙofar gida. Ranar suna ko ɗaurin aure kuwa, tsokar da ta fi kowace maiƙo ita ake turo wa liman, in ya ƙi ci a ce ya raina masu gida. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce zalla, ita ce kuma ta zaunar da shi a kan buzu har ƙafafunsa suka manta aikinsu.

Ya dai gwada. Wata safiya bayan asuba ya saɓa rawani ya nufi babban titin Nima da ƙafa. Bai kai teburin mai koko ba wani ɗan okada ya ci burki a gabansa.

"Malam, ina zuwa? Hau, hau, in kai ka!"

"Ba inda za ni, ɗana. Takawa nake yi."

"Takawa? Kai, Malam, sam ba zai yiwu ba koraa! Muna nan da rai, liman na tafiya a ƙasa?"

Da ƙyar ya rabu da shi, sai ga mai tasi, sai ga yaron trotro, bas ɗin haya, yana buga ƙofar mota yana cewa a matsa wa Malam. Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa an ga liman yana yawo shi kaɗai ba inda ya nufa. Wasu suka ce Hajiya ce ta ɓata masa rai, wasu suka rage murya suka ce ko tsufa ya fara taɓa kai. Wannan ta biyun ita ta tsorata shi. Daga ranar ya jingine tafiya, ya koma ga ƙwayoyin kemis da man zafi da bandeji a ƙarƙashin wando.

Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Alhaji Zuberu, shugaban kwamitin masallaci, mai sayar da kayan gyaran mota, ya saba gane ƙarfen da ya gaji tun kafin ya karye, kuma kwanan nan gaisuwarsa ta yi tsawo. Kullum sai ya ƙara da "Yaya ƙarfin jiki, Malam?" yana kallon ƙasa-ƙasa. Ga kuma Zulkifli, ɗan ƙanin Malam, wanda ya dawo daga karatu da murya mai daɗi, samari na binsa. Da yaron yana da rashin kunya da abin ya zo da sauƙi, sai a ce ga mai son kujera. To, har yau durƙusawa yake yi in zai gaida baffansa, kuma wannan ladabin ya fi komai ci wa Malam rai.

Ranar wata Juma'a ta damina aka tashi da sanyi, an kwana ana ruwa, babbar gotar da ke kwashe ruwan unguwa sai ruri take yi. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum. Hajiya Fusena tana naɗa masa bandeji, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Malam, yau ka bar yaron nan ya ja sallah. Ƙafan nan ya kumbura paa."

"In na bar masa yau, ranar wace Juma'a zan karɓa?"

"Ka ce mura ne."

"In hau mumbari da ƙarya a bakina? Ɗaure kawai, Hajiya."

"Dokta ta ce ka yi tafiya, ka ƙi. Ta ce ka bar kitse, ka ƙi. Yanzu ni na ce ka huta, shi ma ka ƙi. Yoo. Allah shi kai ka lafiya."

Ta ja ɗaurin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ya san fushi ne da tsoro. Ya haɗiyi ƙwaya biyu maimakon ɗaya ya fita.

Masallacin ya cika har ya tumbatsa. An shimfiɗa tabarmi a titi, masu shaguna sun rufe, sahu ya miƙe har wajen masu gyaran waya. Ladan Ishawu, tsohon abokinsa tun makarantar allo, ya maƙala masa ɗan makirfo a wuyan riga. Huɗuba ba ta ba shi wahala ba, domin akwai sanda, kuma sandar huɗuba ba ta tona asirin kowa. Ya dogara da ita ya hau, ya dogara da ita ya zauna ya tashi, ya dogara da ita ya sauko. Da aka ta da iƙama ya jingine ta a bango, sai ya ji kamar ya ajiye ƙafarsa mai lafiya.

Ya kabbarta. Fatiha ta fita sumul, sura ta biyo baya, muryarsa na nan yadda aka san ta. Ruku'u ya zo ya wuce. Wajen sauka sujada ne ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar, zafi ya harba har ƙugu. Ya danne numfashi saboda makirfon. Ya ɗago, ya zauna, ya koma sujada ta biyu, ya daɗe a nan fiye da al'adarsa. Goshinsa na ƙasa yana roƙon abu ɗaya tak: Ya Ubangiji, wannan tashin kawai. Wannan kawai, gobe zan taka duk inda aka ce in taka.

Ya kafa tafukansa, ya tattara ƙarfinsa, ya ce, "Allahu akbar."

Lasifika ta kai kabbarar har titi. Ya ji motsin jama'a a bayansa, riguna na kaɗawa, gaba ɗaya sun miƙe. Shi kuwa ya taso rabi, gwiwar ta cije ta ƙi miƙewa, ta sake shi. Ya koma ƙasa dirshan, wani nishi ya kuɓuce masa, ya ji shi da kunnensa yana fita ta lasifikar saman masallaci.

Aka yi tsit. Ɗaruruwan mutane a tsaye suna jiran Fatiha, limaminsu na durƙushe.

Ya sake gwadawa. Ya tura ƙafar hagu gaba, ya dafa cinya, ya yunƙura. Gumi na bin bayansa duk da sanyin nan. Ƙafar hagun ita ma ba ta da ƙarfin ɗaga shi ita kaɗai, ta daɗe da sabawa da mota. Ya tuna kujerar da likita ta ce ya riƙa zama yana tashi, wadda ya ga kamar wasan yara ne bai dace da malami ba, haushin kansa ya turnuƙe shi. Ya sake komawa ƙasa.

"Subhanallah," wani ya ce daga can baya, yana zaton liman mantuwa ya yi.

"Subhanallah," aka amsa daga titi.

Nan zuciya ta fara kawo masa shawara. Ka karanta a zaune mana. Na waje ba sa ganinka, na tsakiya ba sa ganinka, sahun gaba kuwa kusan duk mutanenka ne. Murya ce kawai suke bi. Ka lallaɓa ka kai sallama, ka ce jiri ne ya ɗebe ka. Har ya buɗe baki, bismilla na kan harshensa. Sai ya tuna masu shagunan da suka rufe, da direbobin da suka ajiye motoci, da tsofaffin da aka riƙo hannunsu aka kawo, kowa ya ɗora sallarsa a wuyansa ya amince. In ya yi haka, zai tashi da limanci, su kuma su watse da abin da shi kansa ya san ba sallah ba ce. Ya rufe bakin.

Hanya ɗaya ta rage, ya kuma san ta sarai: liman in ya gaza, sai ya jawo wani daga bayansa ya ƙarasa. Magana ba ta halatta, hannu ne zai yi zaɓin. Ishawu na tsaye daidai bayansa, Zulkifli na daman Ishawu.

In ya jawo Ishawu, kujerarsa na nan. Ishawu zai ƙarasa, gobe ya bi gida-gida yana cewa Malam ɗan zazzaɓi ne, ba kuma wanda zai ce a naɗa ladan mai shekarun Malam. Amma Ishawu kunnensa ya yi nauyi, ga mantuwa ta fara kama shi, kwanan baya da ya ja wasu 'yan kasuwa la'asar sai da ya ƙara musu raka'a. In ya rikice yau, da wannan taron, wa zai gyara? In kuwa ya jawo Zulkifli, shi ke nan. Muryar nan ta fita ta lasifikar nan ranar Juma'a, a gaban Alhaji Zuberu, ba mai sake mayar da ita sahu.

"Subhanallah!" Wannan karon da ƙarfi, daga bakuna da yawa. Wani yaro ya fara kuka a ɓangaren mata. Ya san Hajiya Fusena na can, ta kuma san abin da shirun nan yake nufi.

Ya kai hannu wuya, ya ɓalle makirfon. Ƙarar ɓallewar ta karaɗe unguwa. Ya miƙa hannun baya, ya shafi rigar Ishawu, ya ji tsohon ya matso zai taho. Hannun ya tsaya a nan kamar ba zai wuce ba. Sannan ya zarce dama, ya kama gefen jallabiyar Zulkifli, ya ja.

Yaron bai motsa ba. Malam ya sake ja, da irin jan da yake masa a kunne yana ƙarami. Sai ga ƙafafun Zulkifli sun tako gaba, sun tsaya a gefensa a kan dardumar liman. Ya karɓi makirfon.

Saura Malam ya ba da wuri. Ba tashi, ba sanda, ba mai taimako, domin kowa na cikin sallah. Ya zauna sosai, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ja jiki da baya kaɗan-kaɗan, babbar rigarsa na naɗewa a ƙarƙashinsa, rawaninsa ya karkace. Sahun gaba duk idanunsu na wurin sujada, amma ya san suna gani. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Haka ya ja har ya shiga gurbin da Zulkifli ya bari, tsakanin Ishawu da Alhaji Zuberu.

Zulkifli ya fara Fatiha. Muryar ta yi rawa a ayar farko, ta daidaita a ta biyu, daga nan ta cika masallacin ta fita titi. Da ya kai ƙarshe jama'a suka amsa, Malam Falalu ya ji bakinsa ya ce amin tare da su. Shekara da shekaru shi ake ce wa amin. Ya yi ruku'unsa a zaune, ya bi yaron sujada, ya jira shi ya yi sallama sannan ya yi tasa.

Ba wanda ya tashi. Ba tari, ba motsin takalma. Ishawu na share ido da hannun riga. Alhaji Zuberu ya dubi fuskar Malam.

Zulkifli na nan zaune yana fuskantar alƙibla, ya ƙi juyowa. Kafaɗunsa na motsi. Ya ɓalle makirfon, ya miƙo shi ta baya da hannu biyu, kansa a sunkuye.

"Baba, ga shi. Na riƙe maka ne kawai."

Malam ya dubi ɗan abin nan a tafin yaron. Yana so ya karɓa, Allah ya sani yana so, har hannunsa ya ɗaga daga cinya. Sai ya mayar da shi kan cinyar.

"Mayar da shi wuyanka," ya ce. "Ka juyo ka fuskanci mutanenka. Liman ba ya barin jama'a suna jiran addu'a."

Zulkifli ya juyo a hankali, fuskarsa jiƙe da hawaye. Malam Falalu ya gyara rawaninsa, ya ɗaga hannuwa tare da sauran mutane, ya jira yaron ya fara.