Sulken Fuatino a Kan Jar Darduma

Shekara goma sha tara Fuatino tana jan gaban ayarinmu a matsayin Sarauniya Hadrima, ba wanda ya taɓa ɗaga mata yatsa. Ƙungiyarmu ta masu ƙaunar wani dogon littafin almara ce a nan Wellington, mu tamanin da ɗoriya, duk ranar da sabon kashi ya fito sai mu yi shigar mutanen cikinsa mu zaga gari. Fuatino direbar bas ce, 'yar asalin Samoa, doguwa, baƙa, mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye rabin kanta. Haka shafi na arba'in da ɗaya ya siffanta sarauniyar, sai ka rantse marubucin ya taɓa hawa bas ɗinta.

Ni na taya ta haɗa sulkenta. Hunturu biyu muna zaune a kicin ɗina muna lanƙwasa waya zobe-zobe, har yatsuna suka yi kanta. Nauyinsa kilo goma sha ɗaya. Likita ya riga ya gaya mata cewa bayan aikin gwiwar da za a yi mata a Janairu, ita da wannan kaya sai dai kallo. Saboda haka ranar buɗe fim ɗin da aka shirya daga littafin ita ce ranar ƙarshe da za ta saka shi, kuma kowa ya san da haka.

Sai hotunan fim suka fito. Sarauniyarsu wata 'yar siririya ce fara sol, gashi ruwan ɗorawa har gadon baya, irin wadda iskar garin nan za ta sura ta jefa teku. Ban ƙi yarinyar ba, aiki aka ba ta. Abin da ya ƙona mini rai saƙon Fergus ne, sabon shugabanmu, ɗan shekara talatin da biyu mai son tsari kamar ransa. Wai gidan silima zai shimfiɗa mana jar darduma, masu ɗaukar hoto za su zo, don haka ba mai taka ta sai wanda shigarsa ta dace da ta fim. A ƙasa ya ƙara da cewa: "Anti Tino, mun ajiye miki matsayin mai dafa wa mayaƙa abinci. Ludayi kawai za ki riƙe."

Ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni, ni da nake riƙe mata tuta a ayari.

"Marama, kin ga abin da yaron nan ya rubuta?"

"Na gani. Ludayi fa, Tino! To yanzu yaya za ki yi?"

"Ki goge mini sulke da mai. Ki nemo tutarki."

Muna da doka ɗaya tak. Da zarar ka saka kaya, ka zama mutumin da ka yi shigarsa, da bakinsa za ka yi magana har sai an kashe fitilun ɗakin kallo. Wanda ya karya, sai ya tuɓe ya zauna a layin baya da kayan gida. Duk cikinmu ba mai tsananta dokar nan kamar Fergus. Bara ya sa wani likitan haƙori ya cire gemun bokansa a gaban jama'a don kawai ya amsa wayar matarsa.

Ranar ta zo a tsakiyar Disamba, wanda a nan lokacin bazara ne, zafi na tashi daga kwalta, ƙarfe shida na yamma rana tana nan daram. Tun safe mutanenmu suke layi a bakin titi, ko da yake kowane tikiti da lambar kujerarsa. Haka muka saba. Ana ta cin kifi da soyayyen dankali a takarda, ana goge maiƙo a jikin alkyabba. Na ƙirga 'yan mata tara masu gashin aro ruwan ɗorawa, kowacce ta dafe kanta da hannu don kada iska ta yi mata tsirara.

Muka sauko daga tasi, ni da tuta, ita da sulke da takobin katako. Surutu ya ragu. Ta wuce layin ba ta kalli kowa ba, ta nufi bakin darduma inda aka gitta igiya. A nan Fergus yake tsaye cikin shigar shugaban masu tsaron ƙofar sarauniya, hular kwano tana walƙiya, kusa da shi wata ma'aikaciyar silima da takardar sunaye.

Ya matso ya rage murya. "Anti, don Allah kada ki ba ni kunya. Ba ni na ce ba, masu silima ne suka ce. Ki tsaya gefe, in an gama hoto ni da kaina zan kai ki kujerarki."

Fuatino ta dube shi daga sama zuwa ƙasa. Sarauniya Hadrima ba ta san wata Anti ba. Ta ɗaga muryar da take tsawata wa 'yan makaranta a bas, har can tsallaken titi aka ji ta.

"Wa ke riƙe da ƙofata?"

Nan take na gane inda ta dosa. Duk wanda ya karanta littafin ya san abin da ke biyo bayan tambayar nan. Mayaƙa za su doki garkuwa sau uku, mai tsaron ƙofa ya durƙusa a gwiwar hagu ya amsa. Tsofaffinmu da ke layi ba su jira an ce musu komai ba. Garkuwoyinsu murfin kwandon shara ne da aka yi wa fenti, amma da suka doka, sai da gilashin shagon maƙwabta ya amsa. Suka doka na biyu. Na ukun suka riƙe shi, takubba a sama, suna kallon Fergus.

Likitan haƙorin nan ya leƙo daga cikin gemunsa. "Mai ƙofa, an yi maka tambaya! Ko a kawo maka wandonka na gida?"

Fergus ya yi jajir. Ya kalli matar silima, ta ɗaga kafaɗa, ita ba ta ma san abin da ake ciki ba. Ya kalli masu hoto, su kuwa tuni sun juyo da kyamarori. Zufa na gangarowa daga ƙarƙashin hularsa. Ni kuwa Allah ya sani ban ji tausayinsa ko ɗigo ba, sai dai na ji tsoron kada taurin kai ya sa ya zaɓi tuɓewa.

Ya durƙusa. Da muryar da ba ta fi ta sauro ba ya ce, "Bawanki ne, kuma a buɗe take."

"Ban ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi. Garkuwoyi suka sauke duka na uku, shi da hannunsa ya kwance igiyar.

Dardumar ba ta fi taku talatin ba, amma Fuatino ta ɗauki lokacinta. Ina bayanta da tuta, ina ganin yadda ƙafar dama take rawa. Wajen tsakiya ta ɗan tsaya, na miƙa hannu zan tallafe ta, ta watso mini harara na janye. Ta ci gaba, kai a sama, zobban sulke suna ƙara kamar makullai a aljihu.

A bakin ƙofa wani mai hoto ya tare ta. "Uwa, ke wace ce a fim ɗin?"

"Je ka karanta shafi na arba'in da ɗaya," ta ce, ta wuce shi.

Muka zauna a layi na huɗu. Ta miƙe zaune ƙyam, takobi a cinya, mutane na wucewa suna rusuna mata, har da biyu daga cikin masu gashin aro. Haka ta zauna duk tsawon tallace-tallace. Sai da fitilu suka mutu ta kamo hannuna, tafinta sharkaf da gumi.

"Marama, cire mini abin nan. Tun tsakiyar darduma ban san inda ƙafata take ba."

Na zare mata shi ta kai, a hankali don kada ya kama gashinta, na naɗe na ɗora a cinyata. Da sauran ɗumin jikinta. Kiɗa ya tashi, ɗakin ya ɗauki ihu, ni kuwa ban ga farkon fim ɗin ba, idona ya cika da ruwa. Awa uku na riƙe kilo goma sha ɗaya a cinya, ban yarda ya taɓa ƙasa ba.