Ɗigo Ɗaya

Hayaƙin banda ya cika tsakar gida lokacin da Halliru ya jingine babur ɗinsa ya yi sallama. Matarsa Balkisu na biye da shi, da zanen goyo a ninke a hammata. Jariatu ta ga zanen tun kafin ta ga fuskokinsu, ta kuwa gane abin da ya kawo su. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta koma tana juya kifinta a kan raga, yaron na barci a bayanta.

Yaron ba nata ba ne, duk unguwa an sani. Tun da aka rufe gadar Malanville mutane suka koma tsallaka kogi a kwalekwale, mijinta Sumaila ya rage kamun kifi ya kama fito. Wata Juma'a ya tsallako da wata mata daga gaɓar Gaya, tana rawar ɗari, da jinjiri a hannu. Ta kwanta a rumfar Jariatu ta ce za ta huta, ba ta ƙara tashi ba. Jandarma suka yi tambayoyinsu, aka yi cigiya a masallatai na nan da na ƙetare, ko sunanta ba a samu ba. Jariatu ta kai yaron gida tana ba shi madarar akuya da cokali, tana kiran sa Na-Allah.

'Ya'yanta uku, duka mata. Ba a daɗe ba da yaye autar aka kai ta wurin kakarta a Madekali. Dangin miji sun ƙagu da wannan yaye, kowa na jiran ya ga ko ciki na gaba zai zo da namiji. Sai ga namiji ya zo ta ruwa, ba ta hanyar da suka tsara ba, shi ne fa hankalinsu ya tashi.

Halliru wan Sumaila ne, shi ne bakin gidan tun rasuwar mahaifinsu. Mutum ne mai tsoron Allah, ba a raba shi da wannan. Illarsa ɗaya, in ya fara magana muryarsa kan yi masa daɗi. Shi kuwa Sumaila, da wansa ya buɗe baki sai komarsa ta kamun kifi ta sami ɓarakar da ba ta ɗinkuwa. Yau ma ga shi can gindin bishiya da zare a hannu, kai a sunkuye.

"Jariatu, kin yi aikin lada, Allah shi biya ki," in ji Halliru. "Amma na yi magana da masu gidan marayu a Kandi. Yau za mu kai shi."

"Mi yay yi muku, Yaya?"

"Bai yi komi ba. Abin da za shi zama nika dubi. Namiji ne, ke ko ɗiya mata gare ki. Yau jinjiri, gobe gemu, kuma ba muharraminsu ba ne. Ko dai ɗiyanki su zauna da lulluɓi cikin gidan ubansu, ko ranar da ya balaga ki nuna mai ƙohwa. Wanne ya hi ciwo, yanzu da bai san ki ba, ko rannan?"

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce, da zagin ta ya yi ma da ya fi mata sauƙi. Haushi ya kama ta. Tana son yaron nan, ba ta kuma nemi iznin kowa ba kafin ta fara son sa.

"Kwance shi, Balki ta goya," in ji Halliru.

Ta kwance shi. Balkisu ta miƙo hannu biyu. Maimakon ta ba ta, sai Jariatu ta ja turmi ta kife, ta zauna, ta ɗora shi a cinya.

"Yaya, bara waccan da Rachidi naka ya so ɗiyar Bukari, wa ya hana auren?"

"Ni na hana. Sun sha nono guda."

"An ce sau ɗaya tak ya sha na uwatta, ranar da Yaya Balki ta kwana asibiti."

"Ko ɗigo ɗaya ne, in dai ya kai ciki, sun zama wa da ƙanwa. Haka munka karanta, haka kuma..."

Ya tsaya. Balkisu ta janye hannuwanta a hankali.

"Kin yi yaye," in ji shi, muryar ta ɗan sauka. "Mi ya rage miki?"

"Sai a duba."

"Kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Nono na mai gida ne. In yaron ga ya sha, Sumaila ya zama ubanai na shayarwa har gaban Allah. Ba ki yin haka sai da yardatai."

Ido ya koma gindin bishiya. Jariatu ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, kai ka ɗauko shi cikin jirginka. Ka hana?"

Sumaila ya ja zare, ya ƙulla, ya sa haƙori ya tsinke. "Ban hana ba," in ji shi, da komar yake magana.

Halliru ya miƙe ya juya musu baya, ya fuskanci katanga. "Balki, ki duba min da kyau. In babu ruwan nono, tsotson banza ne, kuma mu tahi da shi."

Jariatu ta yafa gyale ta sa yaron a ƙirji. Ya saba da cokali, ya manta da wannan hanyar. Ya kama, ya ja, bai sami komai ba, ya saki ya tsala kuka. Ta matsa da yatsu har ta ji zafi, wayam. Kifi ya fara ƙauri a kan raga, babu wanda ya tashi. A nan ne tsoro ya kama ta sosai, ta ga ta cika baki a gaban mutane da abin da ba ta da shi.

"Kai, ja," ta ce masa a kunne. "Wanda ya tsallake gulbi ba ya kasa wanga."

Ya sake kamawa. Kukan ya koma gunji, gunjin ya koma shiru. Balkisu ta durƙusa ta cusa kai ƙarƙashin gyalen. Ta ga kumatun yaron na motsi, ta ga gefen bakinsa a bushe. Ta daɗe a haka.

"Kin gani?" Halliru ya tambaya daga jikin katanga.

"Na gani."

"Ya haɗiye?"

"Ya haɗiye."

Magana zarar bunu ce, kuma shi ya zare ta da bakinsa. Ya tsaya yana kallon katangar kamar wani abu ke rubuce a jikinta.

"To, gado dai ba shi ci," in ji shi. "Kuma ba a jingina shi ga sunan Sumaila."

"Mun ji, Yaya. Shinkahwa dai za shi ci."

"Allah shi raya," ya ce a gajarce, ya fice. Sumaila ya ajiye koma ya bi shi don rakiya, da saurin da ba a san shi da shi ba.

Tsakar gida ya rage mata biyu da hayaƙi. Balkisu ta zauna daɓas a kan tabarma, ta haɗa kai da gwiwa. Ita ba ta taɓa yi wa mijinta ƙarya ba ko a kan gishirin miya, balle a kan shari'a.

"Yaya Balki," Jariatu ta ce ƙasa-ƙasa, "ni ban ji komi ya hito ba."

"Yi min shiru."

Yaron bai saki ba. Can sai Jariatu ta ji wani tsiki-tsiki a ƙirjinta, kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, abin da ta sani sarai tun haihuwar fari. Ɗaya gefen rigarta ya jiƙe. Tsotson yaron ya canja, ya zama a hankali, da ɗan ƙwat-ƙwat a maƙogwaro. Ta ɗage gyalen.

Balkisu ta ɗago. Wani farin zare na gangarowa daga gefen bakin Na-Allah zuwa haɓarsa. A waje babur ya tashi, Halliru na danna wa matarsa oda. Ta sa yatsa ta shafo, ta duba da kyau, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe ba ƙarya niy yi ba. Riga nonon kawai niy yi."