Bencin Masu Rakiya

Baba Nas ya yi aikin jinya a babban asibiti har ya yi furfura a cikin farar riga, kuma ko bayan ya ajiye aiki babu mai shan ko maganin tari a gidansa sai da izininsa. Haka aka yi da 'ya'yansa, haka aka yi da jikokinsa. Saboda haka, da aka tabbatar cewa ƙullutun da ke ƙirjin matarsa ciwon daji ne, bai ga abin shawara ba: shi zai riƙe kati, shi zai kama layi, shi zai yi magana.

Idan suka shiga ɗakin likita, sai ya gabatar da kansa tukuna, sannan ya tsaya a bayan kujerarta. Kusan kowane zuwa sabon likita suke tararwa, ga jama'a maƙil a waje, ga na'urar gasa ciwon ta lalace ana jiran gyara. In likita ya ɗaga kai ya ce, "Mama, yaya jikin?" kafin ta motsa baki Baba Nas ya amsa da Turanci, a taƙaice, yadda ake ba da rahoto a zagayen safe.

Ruwan maganin da ake ƙara mata ya zubar mata da gashi, ya ɗauke mata ɗanɗano. Da ranar komawa ta matso, sai ta ce ba za ta je ba. Ƙanwarta ta riga ta kai ta wurin wata tsohuwa mai jiƙo da ake kira Inna, a bayan tashar mota, kuma can take so ta ci gaba da zuwa.

Ya bi ta ne don ya ga wurin da idonsa. Ɗaki ne guda mai labule, ga saiwoyi a rataye, ga wani dogon benci a bakin ƙofa. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, tsohuwar ta tare shi da hannu.

"Masu rakiya a nan suke zama."

"Ni mijinta ne. Kuma nas ne, na babban asibiti."

"Madalla. Kai ne mai ciwon?"

"A'a."

"To benci ya ishe ka, likita."

Ya zauna tsakanin wani direba da wata mai goyo. Jim kaɗan sai ya ji dariyar matarsa ta keto labule, dariyar da rabonsa da ita tun kafin a fara gwaje-gwaje. Shi da ya haƙura da barcinsa, ya sayar da babur ɗinsa, ya roƙi yaran da ya koya wa ɗaura bandeji su sama mata gado, ba a yi masa ko murmushi ba.

A gida kuma magana ta koma "Inna ta ce." Inna ta ce a sha kafin a karya. Inna ta ce a rage tunani. Jiƙon yana cikin tsohuwar gorar ruwa, babu suna babu awo, amma ba ta taɓa bari a tuna mata da shi ba, alhali ƙwayoyin asibiti sai ya bi ta da kofi har ɗaki.

"A zamaninmu," in ji shi, "magani marar suna ba ya tsallake ƙofar ɗakin jinya."

"A zamaninku ai kowa ya warke, Malam," ta ce, ta kurɓi abinta.

Ya ga yadda take cije leɓe in za ta ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Ya san abin da wannan ke nufi: ciwon ya fara tafiya hammata, kuma ranar asibiti ta wuce.

Wata rana yana kan bencin, hayaniyar tasha ta lafa, muryarta ta fito sarai.

"Inna, yatsuna sun mutu. Ko zare ba na iya zurawa a allura. Kuma matar da muke hira da ita a gadon kusa da ni, ranar da na koma wata na tarar a wurinta. Ban tambaya ba."

"Ki rabu da su, 'yata," in ji tsohuwar. "Kada ki yarda wuƙa ta taɓa ki. Nawa zai narkar da shi."

Baba Nas ya san maganar wuƙar ba gaskiya ba ce, amma ba ita ta fi ƙona masa rai ba. Yatsun ne. A gado ɗaya suke kwana, sai a bakin labulen wata ya ji labarinsu.

Da suka koma gida ya rufe ƙofar falo.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Yaushe ka tambaye ni? Likita ma da ya tambaya, kai ka amsa. Ka ce masa ina samun sauƙi. Wannan Turancin dai na gane shi."

"Jiƙon nan ba zai kashe ciwon ba."

"Jikina ne, Malam, na san bai ragu ba. Amma a can in na fara magana sai na kai ƙarshenta."

Ya dubi gorar a kan tebur. Sannan ya ce, da muryar da bai saba amfani da ita a gidansa ba, "Ki koma asibiti. Don Allah."

"Zan koma. Amma ni zan riƙe katina, kai kuma ka zauna a waje."

Haka kuwa aka yi. Ya zauna a bencin barandar da ya yi rabin rayuwarsa yana wucewa ta gabansa ba tare da ya dube shi ba, jakarta a cinyarsa, yana jin nauyin gorar a ciki. Wata nas da ta san shi ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, ba za ka shiga ba?"

"Ƙa'ida ce," ya ce, ya gyara zama. "Mara lafiya shi kaɗai yake ganin likita. Haka muka taras, haka muka yi."

Ƙofar ta jima a rufe. Yana jiyo muryarta sama-sama tana ta zuba, likitan yana jefa tambaya, tana amsawa. Har 'yar dariya ya ji.

Da ta fito, ya miƙe da sauri.

"Me ya ce?"

"Zai sauya awon maganin saboda yatsun. Yau za a ƙara mini ruwan."

"Sai me kuma?"

"Sauran tsakanina da likitana ne."

Ta nufi ɗakin ƙarin ruwa riƙe da katinta. Baba Nas ya harari ƙofar likitan, ya saɓi jakar, ya bi bayanta.