Muryar Uwaliya a Ƙofar Ruwa

Tun da anka maida rabon ruwan dam na Goronyo cikin waya, manomin da ba ya cikin gurup ya shiga uku. Nan ne Malam Gidaɗo, shugaban manoman rani, ke faɗin ranar da za a buɗe ma kowane layi ruwa.

Uwaliya kaɗai ce mace cikinsu. Mijinta ya rasu ya bar mata fangali arba'in na tafarnuwa can ƙarshen layi, kuma da su take ci da gida. Ba ta karatun boko, saboda haka saurare kawai take yi. Maza kam, wa zai hana su? Wani ya yi minti biyar yana gaisuwa, har da tari.

Ran da ruwa ya ƙi isowa gonarta, sai ta danna waya ta yi magana: wani ya toshe magudana da buhunan ƙasa, ganye ya fara ja, a taimaka. Kafin azahar an fidda ta daga gurup. Wai muryar mace ba ta shiga zauren maza, ta nemi namiji ya faɗi a madadinta. Ji wani zance!

Kwana tara ba ta san ranar layinta ba. Ta yi kuka, gaskiya ta yi, bayan ta tumɓuke tafarnuwa ɗaya ta ga kai bai kai goro ba. Ran kasuwa ta tare Yusha'u mai tallan maganin basir, ta ari lasifikarsa. Da safe ta zauna bisa ƙofar ruwa, ta kanga waya bakin lasifika, ta kunna saƙon nan nata. Ya ƙare, ta sake. Masu babur sunka tsaya, manoma sunka aje fartanya.

Gidaɗo ya iso yana haki. "Uwaliya, mi ya yi zafi? Kashe abin ga, don Allah!"

"Malam, maza hamsin da huɗu kah hana su ji ni. Yanzu ƙirga masu ji."

"To za a maida ki. Amma ki riƙa yin shiru."

"Tafarnuwa ta yi shiru kwana tara, wa ya je duba ta?"

Wani dattijo daga baya ya ce shi ma albasarsa ta ƙone, kuma ya san inda buhunan suke. Mutum uku sunka naɗe wando sunka bi shi. Gidaɗo ya dubi jama'a, babu wanda ya kama masa. Da hannunsa ya murɗa ƙarfen ƙofa, ruwa ya kwararo.

"To ga shi nan. Kashe!"

Uwaliya ta gyara zama, ta ƙara murya.

"Gonata na ƙarshen layi, Malam. Sai ya kai."