Mai Jan Kwali

Shekara goma sha biyu Nagoggo ya yi yana bada hayar kaset ɗin bidiyo a bakin hanyar tashar jirgi ta Kaura Namoda, kuma duk tsawon lokacin nan ba shi da abokin takara. Har daga Sakajiki da Banga ake zuwa wurinsa ranar kasuwa. Sai ga Zaharaddeen, abokinsa tun na makarantar allo, wanda aka sani da gyaran rediyo, ya buɗe shago daidai tsallaken titi, ya jera faifan DVD.

Da fari Nagoggo dariya ya yi. Abin da farce ke karcewa ya lalace, ina zai ja da kaset? Amma faifai guda na ɗauke da fim tun daga na ɗaya har na huɗu, ba a kuma jiran a maido shi baya. Kafin damina ta fita, bencin ƙofar Nagoggo ya zama wurin kwanciyar awaki. Yana zaune yana kallon mutanen da ya san iyayensu suna gaishe shi daga nesa, su tsallaka.

Abin da ya fi ci masa rai a gidansa ya same shi. Ya dawo cin abincin rana ya tarar da matarsa Hamdiyya da maƙwabta sun kewaye wata 'yar na'ura ta aro, ga kwalin faifai a kan tabarma da hatimin shagon Zaharaddeen.

"Baban Karima, kada ka ɗauka da zahi," in ji ta. "Kaset ɗinka na ukun ya ɓace tun bara, mu ko muna son mu ga ƙarshe."

Bai ci tuwon ba. Ranar kasuwar Moriki ya kai bijimin da yake kiwo ya sayar, washegari ya hau mota sai Kano.

Dillalin kayan wuta da ya je wurinsa ya ce masa DVD ma ta kusa zama tsohon yayi. Sababbin faifai iri biyu sun fito, kowanne na cin abin da DVD da yawa za su ci, ɗaya a jan kwali, ɗaya a shuɗi. Kamfanonin da suka yi su na ta rigima, kuma na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan.

"Wani ɗan garinku ma ya zo kwanaki, Zaharaddeen, ya daɗe yana jujjuya shuɗin," in ji dillalin.

Nagoggo bai tambayi wanne ya fi ba. Ya ce a ɗaure masa jan.

Ranar da ya kunna sabuwar na'urar, shagon ya cika har waje, Nagoggo ya riƙa satar kallon tsallaken titi ko Zaharaddeen ya gani. Sai dai faifai uku kacal ya samo, duk na Turawa, babu na Hausa, babu na Indiya. A tsohuwar talabijin ɗinsa kuma hoton bai bambanta da na kowa ba. Ba wanda ke da irin na'urar a gida balle ya karɓi haya. Cikin mako biyu jama'a suka koma inda suka fito.

Bayan 'yan watanni aka faɗa a rediyo cewa masu jan kwali sun janye, shuɗi ya yi nasara. Da la'asar ɗin ranar Zaharaddeen ya tsallako da kwali cike da faifai a hannu.

"Ni ban sayi ko ɗaya ba, tambaya kurum niy yi," ya ce. "Amma wagga taka tana cin DVD na yau da kullum, na bincika. Ga waɗanga, ka fara da su. Garin ya ishe mu mu biyu."

Nagoggo ya duba fuskarsa yana neman alamar dariya, ko 'yar ƙanƙanuwa, bai samu ba. Wannan ya fi komai ƙona shi: mutumin ya kwashe masa kasuwa, ga shi kuma ya fi shi hali.

"Ajiye nan," ya ce, bai miƙa hannu ba.

Kwana huɗu kwalin ya yi a ƙarƙashin tebur. A rana ta biyar wata tsohuwa daga Zurmi ta tsaya tana tambayar faifan wa'azi, ya sunkuya ya lalubo mata.